Nomau Mai Wankin Mota da Tankin Ilu

An yi wani mutum a wata tasha, can da daɗewa, ana ce masa Nomau. Wankin mota yake yi. Bokiti da soso, iyakar dukiyarsa ke nan.

Akwai wani direban bas mai suna Ilu, Nomau ne ke wanke masa mota. Sai Ilu ya lura fetur ɗinsa na raguwa ba dalili. Rannan da hantsi, tasha cike da jama'a, ya ci kwalar Nomau, ya ce, "Kai ne kake zuƙe min mai! Kada na sake ganinka kusa da motata."

Nomau ya ce, "Allah ya sani."

Ku saurara, jama'a. Washegari direbobi suka guje shi, ya wuni ba aiki. Yana zaune sai ya hangi ƙasa ta yi duhu a ƙarƙashin motar Ilu. Ya je ya dangwala, ya shinshina. Fetur ne. Ya kwanta rigingine, ya shafa ƙasan tankin da tafin hannu, sai ga 'yar tsaga, mai yana ɗiga kusa da salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi. Ga fasinja sun fara shiga, har da mata masu goyo.

To, da ni ne ko kai, me za mu yi? Sai mu tara tasha kaf, mu ce a zo a ga wanda ya yi ƙarya.

Nomau bai yi haka ba. Ya ja Ilu bayan rumfa, ya yi ƙasa da murya. "Ilu, tankinka na yoyo. Na liƙe da sabulu, zai kai ka wurin mai walda. Amma don Allah sauke mutanen nan tukuna."

Ilu ya leƙa, ya taso ya sauke fasinjan, sannan ya dubi Nomau. "Me ya hana ka tona ni a gaban mutane, yadda na yi maka?"

Nomau ya ce, "Na ɗanɗana abin, ba daɗi. Ba na so maka."

Ilu da kansa ya hau benci ya shaida wa tasha cewa ya zalunci Nomau.

'Yan'uwa, haƙuri lokacin da ba ka da iko, kowa na yi. Haƙurin da Allah yake so shi ne ranar da gaskiya ta dawo hannunka, ka rufa wa wanda ya cuce ka asiri. Yau kowannenmu ya tuna wanda yake jira ya kunyata, ya fasa. Allah ya ba mu iko.