Inuwar Allon Mai Walda

Akwai wani mai walda da ake kira Sarkin Hayaƙi. Gari ya cika ya batse, wutar layi ba ta isar kowa. Janaretansa ya fi na kowa ƙara, da shi yake tinƙaho.

Maƙwabcinsa tela ya ɗora farantan sola huɗu, masu mayar da hasken rana wuta, a kan rufi. Mai walda ya bushe da dariya.

"Malam Tela, ranar da ke busar da wanki ce za ta juya maka keke?"

Can kuma ya kafa ƙaton allon talla a saman shagonsa. Rana na karkatawa, inuwar allon sai ta rufe faranti ɗaya. Tela ya same shi.

"Maƙwabci, a jere aka haɗa su. In ɗaya ya shiga inuwa, duk sai su yi sanyi."

"To ka kai ƙarar rana."

Tela ya koma ɗinkin safe kawai, kafin inuwa ta iso.

Mahaifiyar mai walda na kwance a ɗakin bayan shago. Hayaƙin shekaru ya ci ƙirjinta, sai da injin numfashi. Wata rana fetur ya yanke a gari. Bayan azahar janareta ya yi tari, ya mutu, injin numfashi ya tsaya. Tsohuwa ta fara kokawa da numfashi.

Ba wanda ya kira tela. Sai ga shi ta kan katanga, yana jan waya daga farantansa. Aka jona. Injin ya yi ƙyaf, ya ɗauke.

Tela ya ɗaga ido ya dubi allon. Inuwarsa ta riga ta rufe farantin.

Mai walda ya suri zarto, ya hau tsani. Da hannunsa ya yanke ƙarfen da ya liƙa. Allon ya rikito, haske ya zuba a kan farantin. Injin ya kama, ƙirjin tsohuwa ya lafa.

"Wa ya tada wuta?" in ji ta. "Ban ji ƙara ba."

"Daga sama take, Inna," in ji mai walda.

Ya fito ya tsaya, yana kare ido da tafin hannu. Ba ƙara, ba wari.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara hamsin rana tana dukan ƙeyata, ban san abin da take ɗauke da shi ba."

Darasi: Kada ka tare wa maƙwabci haske, wata rana da shi naka zai yi numfashi. Kada kuma ka raina ni'ima don ba ta da ƙara. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.