Ranar da Malam Isiyaku Ya Buɗe Ƙofa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, shekarun baya can, a wata jiha da ba zan kama sunanta ba, don kar wani a cikinku ya ce da kawunsa nake. Sunansa Malam Isiyaku. Ɗan siriri ne, mai sanyin murya, idan ya yi maka sallama sai ka matso kafin ka ji. Ku saurara da kyau, don labarin ofis ne, kuma da yawanku gobe da safe ofis za ku.

Wata ƙungiya ce mai taimaka wa gwamnatocin jihohi su gyara yadda suke yi wa jama'a hidima ta ɗora shi a kan gyaran ofishin fansho na jihar. Kun dai san tantancewa. Mutum ya yi wa gwamnati aiki har kansa ya yi fari, sannan a ce sai ya zo da ƙafarsa an ga yana da rai kafin a ci gaba da biyansa. Da Malam Isiyaku ya zo, taga ɗaya ya tarar, tsofaffi a zube cikin rana, magatakarda kuwa babu abin da bakinsa ya saba da shi sai “ku dawo gobe”.

Bai zo da faɗa ba. Zama ya yi da ma'aikatan nan, ya tambaye su abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, ya ji nasu kukan tukuna. Sannan aka ƙara tagogi, aka kafa rumfa, aka jera bencina, aka girke randa. Tsofaffin cikin gari suka sami sauƙi, suka riƙa sa masa albarka. Amma na ƙauyuka masu nisa suna nan cikin wahalarsu. Kafin motar kasuwa ta kawo su an kusa tashi, sai su kwana a tasha. Wannan abu ya tsaya wa Malam Isiyaku a rai ƙwarai.

Ana nan sai labari ya zo cewa manyan ƙungiyar za su zo duba aiki. In sun gamsu, ya ci gaba da riƙe shi. In ba su gamsu ba, a sauke shi. Ga iyali, ga yara a makaranta, kuma ba shi da wata sana'a a gefe.

Babban sakataren ma'aikatar da ofishin fansho ke ƙarƙashinta, Alhaji Mamuda, ya kira shi. Kar ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai jiki da yawan dariya, yana son Malam Isiyaku kamar ƙaninsa, “Malamina” yake ce masa.

Ya ce, “Malamina, zauna. Ranar Laraba baƙinka za su zo, na kuwa gama maka shiri. Mai gadi zai rufe ƙofa, duk wanda ya zo a ce ya dawo Alhamis. Na zaɓo dattawan cikin gari masu tsaf-tsaf, su sa manyan riguna su cika bencinan. In an tambaye su, su ce alhamdu lillahi.”

Malam Isiyaku ya ce, “Ranka ya daɗe, to na ƙauye fa da za su taso?”

“Haba! Yini ɗaya ne fa. Kai dai har yau ba ka san aikin gwamnati ba. Haka muka tarar ana yi. Ko a gidanka in baƙo zai zo ai ana shara.”

“Ana yi, ranka ya daɗe. Amma ban taɓa ganin an fitar da tsoffin gida waje saboda baƙo ba.”

Alhaji Mamuda ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Don kai nake yi, Malamina. Ba na son a raba mu.”

Malam Isiyaku ya fita. Jama'a, mutum ne kamar ni da ku, kuma ya ji tsoro. Zuciya ta riƙa raya masa, “Yi shiru na yini ɗaya. In ka tsira da kujerar, ai baɗi ka gyara wa na ƙauyen.” Kun ji fa? Ba sata ta ce ya yi ba. Dalili mai kyau ta kawo masa, kuma irin wannan ne ke kayar da mutanen kirki.

Laraba ta zo. Ya iso da safe ya tarar da dattawa a jere cikin rumfa, riguna sun sha guga, sai ƙamshin turare. Ƙofa kuwa a rufe, ga tsofaffin ƙauye a waje sun jingina da katanga. A cikinsu akwai Inna Kande, tsohuwar ungozomar asibiti, wadda rabin mutanen ƙasarsu a hannunta aka haife su. Tana hango shi ta ɗaga sanda.

“Ɗan nan! Ba kai ne ka ce mana an daina dawo gobe ba? A tasha na kwana, ga ƙafata ta kumbura. Yanzu wannan mai kakin yake ce min wai yau ranar baƙi ce. Mu ɗin 'yan gida ne da za a ce mu jira?”

Malam Isiyaku ya durƙusa ya gaishe ta. Ya dubi ƙafar nan, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙe ya ce wa mai gadi, da muryar nan tasa da ba ta fita, “Buɗe musu. In an tambaye ka, ka ce ni na ce.” Shi ya riƙe hannun Inna Kande har kan benci.

Ba a jima ba baƙi suka iso, shugabarsu wata mata ce, Hajiya Saudatu. Suka tarar da rumfa ta cika ta batse, masu manyan riguna sun cakuɗe da masu ƙura a ƙafa. Kafin a gabatar da kowa Inna Kande ta karɓe magana. Ta faɗi motar, ta faɗi tashar, ta faɗi maƙwabcinta da ya daina zuwa saboda ba ya iya hawa mota. Har wani daga cikin dattawan da aka shirya ya manta abin da aka koya masa, ya ce, “Wallahi gaskiya ta faɗa!” Alhaji Mamuda kuwa sai share gumi yake da hula.

Hajiya Saudatu ta juya ta ce, “Malam Isiyaku, wannan ne gyaran?”

Ya ce, “Shi ne, Hajiya. Na cikin gari mun sauƙaƙa musu. Na ƙauye ban iya ba. Ina ta ƙara taga, ashe mu ya kamata mu je musu. Na makara ban gane ba, kuma wannan laifina ne.”

To, na ga wasunku suna murmushi, kuna jira in ce an ƙara masa girma. A'a. Sauke shi aka yi. Suka ce aikin bai kai inda aka yi alkawari ba, aka kawo wani. Amma maganar da ya faɗa sun tafi da ita. Aka tsara ma'aikata su riƙa bin ƙauyuka ranar kasuwa, wanda ba ya iya fitowa a same shi har gida. Sabon shugaban ne aka yi ta yabo a rediyo. Malam Isiyaku kuwa, kafin ya tafi, sai da ya zauna ya nuna wa magajin nasa komai, har da sunan direban da ya san hanyoyin daji. Daga nan ya koma koyarwa a wata 'yar kwaleji, ya rage cefane, ya riƙe bakinsa. Alhaji Mamuda ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarsa.

Shekaru suka tafi. Alhaji Mamuda ya yi ritaya ya koma ƙauyensu, gwiwoyi suka ƙi. Wata ranar kasuwa yana zaune a zaure yana tunanin yadda zai kai kansa birni tantancewa, sai ga motar ofishin fansho a ƙofar gidansa. Ma'aikata suka shigo, suka durƙusa suka gaishe shi, suka tantance shi a kan tabarmarsa. Da suka tafi, dattijon nan ya fashe da kuka. Ya ce wa ɗansa, “Ko a goye ne, kai ni wurin Malamina.”

Suka same shi a gindin bishiya yana cin abincin rana. Alhaji Mamuda ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, “Malamina, da ka bi maganata ran nan, da yau ni ne a jingine da katanga. Ka yafe min.”

Malam Isiyaku ya ce, “Haba ranka ya daɗe, ai don ni ka yi, na sani. Zauna a kawo ruwa.” Sai kuma ya matso ya rage murya, ya ce, “Yaran da suka zo, sun gaishe ka da kyau? Ba su bar ka kana jira ba ko?”

Allahu Akbar! An raba shi da kujerar, amma har ranar hankalinsa yana kan wanda ke jira.

Jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Duk wanda aka ba aikin jama'a amana aka ba shi, kuma ɓoye masu wahala don a yaba maka ha'inci ne, ko da da kyakkyawar niyya ka yi. Kai hedimasta, da kake tura yaran da ba su iya karatu ba gida ranar da mai duba makaranta zai zo, da kai nake. Ke ma'aikaciyar asibiti, kai na sakatariya, da ku nake. Abin da ka ɓoye ba za a gyara shi ba, kuma wanda ka rufe wa ƙofa yana da Ubangijin da ke ganinsa. Faɗin gaskiya zai iya raba ka da kujera, ba zan ruɗe ku ba. Amma kujerar nan ko ka yi ƙarya wata rana za ka tashi daga kanta, ka koma layi tare da mutanen da ka yi wa aiki, kuma abin da ka gyara shi za ka tarar.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa mu tsufa a hannun masu tausayi.