Ramin da Ruwa Ya Rufe

An yi wani mutum a nan Yamai, ba da daɗewa ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Tela ne, baƙo daga gabas kamar da yawanmu. Ya zauna a wajen Saga da matarsa Zeinabou da ɗansu guda, Abdoulkarim.

A bayan unguwarsu, kafin a kai fadamun shinkafa, akwai wani tafki. Da rani fili ne busasshe, awaki ke yawo a ciki. Da damina ta sauka sai ya cika, yara su mai da shi wurin iyo. Iyaye sun gwammace shi a kan kogin Isa, don kogi ba ya wasa da ɗan kowa.

Dattawan unguwa suka kafa wa tafkin doka. Ba a wanke babur a ciki, ba a zuba shara, ba a ginar ƙasa. Gefen gabas marar zurfi shi ne na yara. Kowace shekara idan ruwa ya cika, mai kula da wurin zai shiga da doguwar gora, yana dungurar ƙasa yana jin zurfinta, sannan ya kafa turaku ya ɗaura igiya. Duk inda igiya ta kewaye, uwa na iya sakin ɗanta ta koma girkinta.

Wannan aikin aka ba mutumin nan, don rumfar ɗinkinsa na kallon tafkin, kuma kowa ya shaide shi da kirki.

Ya 'yan uwa, ba ɓarawo ba ne. Ba mashayi ba ne. A sahun gaba yake salla. Ciwonsa ɗaya ne, kuma na san wasunmu a nan suna fama da shi: ba ya son ran kowa ya ɓaci saboda shi. Yana jin daɗi a ce masa mutumin kirki. Kalmar "a'a" ta fi dutsen niƙa nauyi a bakinsa.

Samarin fada, wato majalisar shan shayi ta unguwa, suka fara kawo babura. "Baba, ƙafahu kawai za mu ɗauraye," in ji su. Ya yi dariya ya kau da kai. Da maƙwabta suka ga haka, sai shara ta biyo baya. Mai gareji ma ya samu wurin zubar da baƙin mai. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan wani dattijo ya yi magana, sai telan ya ce zai yi musu faɗa gobe.

Sai wani rani, Oumarou mai bugun tubali ya zo. Ɗan garinsu ne. A ɗakinsa telan ya kwana lokacin da ya sauka Yamai ba shi da kowa.

"Ɗan uwa, laka ta gehen ga ta hi kyau," in ji Oumarou. "Amalanke kaɗan zan ɗiba. Kahin ruwa ya sauka na cike maka wurin."

Gefen da ya nuna shi ne na yara. Telan ya san haka, zuciyarsa ta faɗa masa. Amma ta yaya zai dubi idon wanda ya ba shi tabarma ya hana shi laka? Ya ce to.

Amalanke kaɗan ta zama aikin rani guda. Ramin ya yi zurfin da namiji zai tsaya a ciki ba a hangi hularsa ba. Oumarou bai cike ba. Ruwa ya sauko da wuri, ya shafe komai, tafkin ya kwanta lumui kamar yadda ya saba.

Ranar kafa turaku ta zo. Dattawa na tsaye a bakin ruwa, yara na ɗokin a sake su. Telan ya riƙe gorarsa yana tunani. Idan ya shiga tsakiya, dole ya janye igiya. Idan ya janye igiya, za a tambayi dalili, sunan Oumarou ya fito, nasa ya biyo baya. Sai ya bi gefe-gefe, ya kafa turaku a inda suke bara. Ya ce wa ransa ai ruwa ya kwaso ƙasa ya cike ramin.

Da ya koma gida Zeinabou ta ce, "Malam, wurin da Oumarou ya gina hwa?"

"Ya cike."

"Ka taɓa da gorarka?"

Ya tashi ya koma rumfarsa. Amma da yamma ya kira ɗansa gefe, ya nuna masa wurin da yatsa. Ya ce, "Kai yaro, ko da wasa kada ka yi wajen can. Kuma kada ka gaya wa kowa."

Kun ji, ya 'yan uwa? Ya gargaɗi ɗansa, ya bar 'ya'yan mutane. Yana zaton ya tsira.

Ran nan bayan la'asar, tafkin ya cika da yara. Wata 'yar ƙaramar yarinya, Salamatu, ɗiyar maƙwabciyarsu Delu, tana tafiya cikin ruwa iya ƙugu, a cikin igiya, inda aka ce babu komai. Sauran yara ba su damu ba. Abdoulkarim kaɗai ya san inda ta dosa. Ya ƙwala mata kira, ba ta ji ba. Ƙafarta ta zarce, ta nutse. Ya faɗa bayanta, ya turo ta waje har wasu suka kama hannunta. Shi kuwa laka ta riƙe masa ƙafa.

Uban na kan kekensa yana ɗinki lokacin da ya ji ihu. Ya san wurin tun kafin a nuna masa.

Aka yi jana'iza, aka zauna makoki. Kowa ya zo sai ya ce, "Haƙuri, Malam, kwanansa ne ya ƙare." Babu wanda ya ɗora masa laifi. Oumarou ya tattara ya bar gari. Dattawa suka sa aka kewaye tafkin da ƙaya, aka hana kowa shiga.

Tun daga nan mutumin bai sake zama daidai ba. Idan la'asar ta yi, sai ƙafarsa ta tsaya a kan keke, ya kasa kunne. Yana marmarin hayaniyar nan da a da take hana shi jin rediyo. Yana marmarin yaron ya shigo rumfa jiƙe sharkaf, ya ɗiga masa ruwa a kan yadin mutane, shi kuma ya yi wa yaron tsawa. Ɗan fari ne, don haka bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, kullum "kai yaro". Yanzu idan ba kowa a rumfa sai ya faɗi sunan a hankali, ya ji yadda yake a baki.

Idan aka kawo masa yaro awo, sai ya ce a dawo gobe. Ya daina ɗinkin yara, daga baya masu kawo ɗinki suka daina zuwa. Duk shekara idan ya ga sa'o'in ɗansa sun ƙara tsawo, sai ya auna a ransa inda nasa zai kai da yana nan.

Abin da ya fi cinsa shi ne har yanzu ana ce masa mutumin kirki. Ya so a ce wani ya tare shi a hanya ya zage shi. Babu wanda ya yi.

Da abin ya ishe shi, ya durƙusa gaban Zeinabou ya faɗa mata komai, har da gargaɗin da ya yi wa yaron a ɓoye. Ya roƙe ta gafara. 

"Malam, ni na yahe maka," in ji ta. "Amma ba ni ce na shiga ruwan ba."

Ya 'yan uwa, wa zai kai shi wurin yaron ya roƙe shi? Ƙofar tuba a buɗe take, rahamar Ubangiji ta fi laifin kowa faɗi. Amma ɗan ba zai dawo ba.

Duk wanda aka ba tsaron wani abu, ƙofar makaranta ce, famfon unguwa ne, ko bakin tafki, amana ce a wuyansa. Kunyar da za ta hana ka tsare amana ba kunyar addini ba ce, son kai ne. Gara abokinka ya yi fushi da kai wata guda. Kuma haɗarin da ka sani ka ɓoye wa 'ya'yan mutane, kada ka zaci ya san ƙofar gidan da zai tsallake.

Allah ya ba mu ƙarfin cewa a'a a inda ya dace. Allah ya jiƙan yaran da ruwa ya ci, ya sanyaya zukatan iyayensu. Allah ya kiyaye mu da nadamar da ba ta mai da abin da ya tafi. Amin.