Laraba da Lahadin Ye-sol

Akwai wata mata a birnin Cheongju mai suna Bang Suk-hui, amma kowa Maman Ye-sol yake kiranta, ita ma ta fi son hakan. Ye-sol tana da shekara goma sha ɗaya, kuma a ƙungiyar ninkayarsu babu yarinyar da ke rigan ta taɓa bangon ƙarshen tsere. Burin uwar ɗaya ne: a zaɓi 'yarta cikin masu wakiltar lardi a gasar yara ta ƙasa.

Mai horar da su, Koci Pyo, yana da doka. Yara masu shekarunta atisaye sau biyar a mako, Laraba da Lahadi kuwa ba sa shiga ruwa.

Wata rana Maman Ye-sol ta tare shi a bakin ƙofa. "Koci, hutun nan na mene ne? Yaran Seoul kullum suna cikin ruwa. Su kifaye ne, namu kaji?"

"Maman Ye-sol, ƙashinta bai gama ƙwari ba," in ji shi. "A ranar hutu jiki ke gina abin da muka rushe."

Ta koma bencin iyaye tana taɓe baki. "Laraba yake zuwa kamun kifi, shi ya sa ya ƙirƙiro mana ilimi."

Matan suka yi dariya. Maman Ro-a, wadda 'yarta kullum ke zuwa ta uku, ta ce, "Yaya, ki bar mana shi. Ni sai Laraba nake tuna ina da miji."

A makon nan Maman Ye-sol ta samo wani malamin ninkaya a ɗaya gefen gari, ta cike ranakun hutun biyu a ɓoye. A mota, yarinyar na cin kimbap, wato naɗin shinkafa, da jiƙaƙƙen gashi, uwar ta riƙa yi mata bita.

"Idan Koci ya ce me kika yi jiya?"

"Na huta."

"Yauwa, 'yar albarka."

Abin da uwar ba ta sani ba, don ba ta taɓa tambaya ba, shi ne Koci Pyo yakan ajiye atisaye mafi tsanani sai Alhamis da Litinin, lokacin da yake ganin jikin yara ya huta. Yakan duba fuskar Ye-sol ya ce, "Sarauniyar ruwa, kin huta jiya?" Ta ce eh. Sai ya ɗora mata kayan da ake ɗora wa hutaccen jiki.

Da farko gudunta ya ƙaru, uwar ta riƙa tafiya tana ɗaga kai. Daga baya yarinyar ta kasa ɗaga hannu ta ɗaure gashinta. Uwar ta riƙa ɗaure mata, tana manna mata filastar ciwo a kafaɗa, tana ɓare ta a mota kafin su shiga wurin Koci.

Ranar zaɓe, Ye-sol ce a gaba har ta kai bango ta juya. A dawowa hannunta na dama ya ƙi fitowa daga ruwa. Ta kama igiyar da ke raba layukan ruwan ta tsaya, sauran suka wuce ta ɗaya bayan ɗaya. Da yake biyun farko ake ɗauka, Ro-a aka zaɓa a gurbinta.

A asibiti likita ya ce jijiyar kafaɗa ce ta gaji da aiki. Ya tambayi sau nawa take atisaye a mako.

"Biyar," in ji uwar, tun kafin yarinyar ta buɗe baki.

Daga nan ta tara iyaye, ta ce Koci Pyo ya lalata mata kafaɗar yarinya. Ƙungiyar ba ta son surutu, ta sallame shi. Shi kuwa bai yi musu ba, domin ya yarda cewa shi ya yi kuskuren awo. Ya zo har gidansu da kwalin lemo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuya wa yarinyar kamar yadda ake sunkuya wa babba.

"Ye-sol, ki yafe mini. Ban lura da ke yadda ya kamata ba."

Yarinyar ta kalli uwarta. Uwar ta karɓi lemon.

Bayan watanni kafaɗar ta warke, likita ya ce za ta iya komawa. Uwar ta samo sabuwar ƙungiya, ta sayo sabbin kayan ninkaya, ta haɗa jaka ta ajiye a bakin ƙofa.

"Tashi mu tafi. Idan muka dage, shekara mai zuwa tamu ce."

Ye-sol ba ta ɗago daga littafinta ba.

"Mama, ruwan yana nan. Ki shiga da kanki."

Ba ta sake sa ƙafa a wurin ninkaya ba. Duk wanda ya tambayi uwar dalili, sai ta ce karatu ne ya yi wa yarinyar yawa.

Darasi: Hutun yaro yana cikin horonsa, wanda ya sace masa shi jikinsa ya cuta. Kuma uwar da ta koya wa ɗanta ƙarya don ya ci gasa, ta shirya rasa gasar da yardar ɗan gaba ɗaya. Ku tura wa duk iyayen da burinsu ya fi ƙarfin kafaɗar 'ya'yansu.