Keken da Tanimu Ya Ƙi Hawa

An yi wani tela, bawan Allah, a wani gari, ana ce masa Tanimu. Ba tun da can ba, a wannan zamanin namu na sayayya ta waya. Kekensa ya tsufa, sai ya yi odar wani ƙarami daga masu sayar da kaya ta intanet. Da kwali ya iso ta gidan waya ya buɗe, sai ga injin surfani sabo fil, irin wanda ko a mafarki bai taɓa mallaka ba.

Maƙwabcin shagonsa Gambo, shi ma tela, ya leƙo ya gani. Ku saurara! Daga ranar nan abinci ya daina yi wa Gambo daɗi. Ya ɗora ƙafa a keke, injin yake gani. Ya tayar da salla, injin yake gani. Yana ta cewa a ransa, "Tare muka koyi ɗinki, na ma fi shi hannu. Don me shi?"

Shi kuwa Tanimu ya kira masu kayan ya ce, "Kun aiko mini abin da ba nawa ba."

Suka ce, "Malam, kayan da aka buɗe ba ma karɓa. Ƙa'ida ce."

Ya ɗauka ya kai gidan waya, suka ce ba sa mayar da kaya sai da izinin mai aikowa. Ya dawo da shi, ya lulluɓe da tsohon zane. Salla ta matso, ɗinki ya yi yawa, yana nan yana fama da tsohon kekensa.

Gambo ya ce, "To sayar mini mana!"

Tanimu ya ce, "Yaya zan sayar da abin wani? Mai shi na can yana nema."

Ashe hassada ko amana ta gani sai ta ji haushi. Gambo ya nemi lambar shugaban masu kayan, ya ce, "Akwai ɓarawo a garinmu, ya danne muku inji."

Da jin kalmar sata suka tashi bincike. Sai ga shi wata mata ce a wani gari ta sayi injin, tana ta rigima da su, su kuma suna ce mata ai an kai. Suka zo suka tarar da shi ko zare ba a sa masa ba. Suka ba Tanimu haƙuri, suka tafi da injin.

Da yamma Tanimu ya shiga shagon Gambo, ya kama hannunsa ya ce, "An ce kai ka kira su. Allah ya saka da alheri, ka sauke mini nauyi."

Gambo ya zare hannunsa, ya koma kan kekensa da kunya.

To jama'a, abin da ba naka ba, ko ƙa'ida ta bar maka, Allah bai bar maka ba. Kai kuma da alherin ɗan'uwanka ke hana ka sukuni, wa kake ƙonawa in ba kanka ba? Kowa ya duba zuciyarsa kafin ya tashi daga nan.