Matuƙin da Ya Ji Kunyar Surukinsa

Akwai wani mutum, matuƙin ƙaramin jirgin sama, irin mai ɗaukar mutum huɗu. Wata rana da damina saƙo ya zo cewa maciji ya sari wani manomi a wani ƙauye bayan kogi, inda mota ba ta shiga sai rani. Sunan ƙauyen ya ɓace mini, amma akwai fili a gefensa inda jirgi yake sauka. Aka ba matuƙin kwalaben maganin dafi, aka ce ya yi sauri.

Surukin matuƙin mutumin ƙauyen ne, ya ce zai bi shi gida. Ya zauna kusa da shi.

To, ƙa'idar aikin ita ce, in an zo sauka kowa ya yi shiru. Matuƙi kuma dole ne ya bi takardarsa ta sauka layi bayan layi, ya saki tayoyin da suke naɗe a cikin jirgin. Amma da tsohon ya hango gonarsa daga sama, sai baki ya buɗe.

"Ɗana, dubi dawata! Ka taɓa ganin irinta a birninku?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Ba can ba, nan, kusa da tsamiya. Duba da kyau mana!"

Ya duba. Yaya zai ce wa uban matarsa ya yi shiru? Ana cikin haka wata ƙararrawa ta fara kuka, tana gargaɗi cewa tayoyi ba su fito ba.

Tsohon ya ce, "Wannan wane irin marar tarbiyya ne? Babba yana magana, yana ihu!"

"Yi haƙuri, Baba," in ji matuƙin. Ya miƙa hannu ya kashe ta, bai ko tambayi kansa abin da take faɗa ba.

Jirgin ya sauka a kan cikinsa, ya ja ƙasa, ya daki suri. Su biyun suka fito da ƙafafunsu. Kwalaben kuwa duk sun farfashe.

Matar manomin ta zo da gudu, ta ga maganin yana tsiyaya cikin ƙasa. Ta dubi matuƙin ta ce, "Malam, sannu da zuwa. Ka kawo surukinka lafiya. Ni kuma me zan kai wa mijina?"

Kafin rana ta faɗi manomin ya rasu.

Ma'anar wannan misali ita ce: maganin nan amanar da Allah ya sa a hannunka ne, ƙararrawar kuma muryarsa ce a cikin zuciyarka. Girmama manya abu ne mai kyau, ni ma tsoho ne, ina son a girmama ni. Amma raina yana ɓaci, 'yan'uwa, in na ga mai bi ya san gaskiya sarai, ya haɗiye ta don kada ran wani babba ya sosu, sa'an nan ya kira wannan ladabi. Ba ladabi ba ne, tsoro ne. Ku kuma dattawa, ku daina sa 'ya'yanku su zaɓa tsakanin fuskarku da aikin Ubangiji. A ranar shari'a ba za a karɓi "na ji nauyinsa" daga bakin kowa ba.