Koriyar Waya da Injin Markaɗe

Akwai wani maigida, dattijo a ikilisiyarsu, da ya gina wa matarsa Afiniki ɗan ɗaki a can ƙarshen gida, kusa da rijiya, ya saya mata injin markaɗe mai aiki da lantarki. Sai dai ɗakin yana da nisa, dole a kai masa wuta.

Mutumin nan irin waɗanda ba sa tambayar hanya ne sai sun ɓata. Da kansa ya haƙa dogon rami daga gida zuwa ɗakin, ya zura waya biyu cikin bututun roba, ya binne, ya daddaɓe ƙasa. Afiniki ta shuka alayyafo a kai, ya fito kore shar. Sa'an nan ne ya tuna da mai aikin wuta, ya aika ya zo ya haɗa.

Mai aikin wuta ya duba bakin bututun, ya tambaya ina waya ta uku, koriyar. Maigida ya ce waya biyu suke kunna inji, me ta uku za ta ƙara? Sai mai aikin ya ce, "Baba, biyun nan na inji ne. Ta ukun ta Mama ce."

Ya bayyana masa cewa mai markaɗe kullum ƙafarta cikin ruwa take. Ran da waya mai wuta ta taɓa jikin inji, wutar za ta nemi hanyar komawa, in kuwa ba ta sami waya ba, ta jikin mutum za ta bi. Saboda haka sai an ɗaure jikin injin, da ƙofar ƙarfe, da bututun ruwa, duk a haɗa su da koriyar waya, ita kuma ta koma har akwatin wuta na babban gida.

Ran maigida ya ɓaci ƙwarai, gama ya san ma'anar wannan ita ce a tone ramin. Ya ce a kafa sandar jan ƙarfe a gefen ɗakin kawai, ai ya ga ana yi. Mai aikin ya ce za a kafa sanda saboda tsawa, amma ita kaɗai ba ta isa ta sa abin katse wuta ya faɗi ba. Maigida ya buɗe baki zai yi gardama, sai idonsa ya kai kan Afiniki tana wanke wake a bakin rijiya, ba ko takalmi. Ya juya, ya ɗauko fartanya.

Ya tumɓuke alayyafon, ya tone abin da ya binne, maƙwabta suna leƙe ta kan danga suna tambaya ko zinariya ya manta a ciki. Da aka zo kafa sanda, aka zuba mata gawayi da gishiri yadda masu aikin wuta kan yi don ƙasar ta riƙe laima, sai magana ta canja. Kafin Lahadi gari ya ɗauka cewa dattijon ikilisiya ya binne asiri don matarsa ta yi kasuwa. Wannan ya yi masa zafi fiye da kantar hannunsa, amma bai fasa ba.

Rani ya wuce, koriyar waya tana kwance ba ta kunna ko ƙwai ɗaya ba. Damina ta faɗi. Wata safiya ɗakin cike da mata masu jiran markaɗe, ƙasa jiƙe sharkaf, Afiniki ta dafa injin da hannu ɗaya ta kunna da ɗayan. Sai aka ji ƙas daga cikin gida, komai ya tsaya. Ta yi tsaki, ta ce an ɗauke wuta, alhali ga rediyon maƙwabta yana ta waƙa.

Aka kira mai aikin wuta. Da ya buɗe injin, ga waya ɓera ya gwaigwaye ta, ta manne da ƙarfe, wurin ya ƙone baƙi ƙirin. Wutar ta hau jikin inji, ta tarar da hanya a buɗe, ta bi koriyar waya zuwa gida, aka katse ta kafin ƙiftawar ido. Maigida ya kama hannun matarsa yana juya shi, ba ko tabo. Hawaye ya zubo masa, ya ce wa matan, "Ku je ku kira mazanku, su zo su ga asirin da na binne." Nan take Afiniki ta ɗaga waƙar yabo, matan suka amsa suna tafi. Waɗanda suka yi masa dariya kuwa, su ne suka bi mai aikin wuta har bakin hanya suna roƙo ya biya ta gidajensu.

Ma'anar wannan misali ita ce, ɗakin markaɗe kai ne da ni, can inda muke fama da neman abinci. Babban gida wurin Ubanmu ne. Koriyar waya ita ce addu'a da biyayya ta ɓoye, wadda ba ta haska mu a idon jama'a, har takan jawo mana ba'a. Ƙarafan da aka ɗaure wuri ɗaya kuwa su ne 'yan'uwa cikin ikilisiya. Wani yakan ce ya kafa sandarsa, yana da kirki, ba ya bukatar kowa. Ya ɗan'uwana, kirkinka kaɗai ba zai ɗauki wutar ranar gwaji ba, sai kana haɗe da gida.

In ka san ka binne rayuwarka da waya biyu, kada ka ji kunyar tonewa, ko da alayyafo ya yi kyau a kai. Akwai wani a gidanka da yake tsaye cikin ruwa ba takalmi, shi kuwa bai sani ba.